Malam Gershon da Littattafan Burtali

Shekara talatin da ɗaya Malam Gershon Levi ya yi yana aikin laburare a wata kwaleji kusa da Kafanchan. Kafin ya yi ritaya matarsa Hellen ta rasu, 'ya'yan kuma suna Jos da Fatakwal. Gidan ya yi masa girma. Da safe ya leƙa gonar citta, da rana ya zauna a baranda yana kallon 'yan acaɓa masu zuwa Kagoma.

Wata Lahadi ya dawo daga coci ya tarar da Shamsiyya Yunusa, tsohuwar ɗalibar kwalejin da ke digiri na biyu, tana jiransa da kwamfuta.

"Baba, taimako na zo nema. Mu biyar muke rubutu kan burtalin shanu, har da 'yan Garwa ta Kamaru da ɗan Maraɗi. Manhaja ɗaya muke zuba sunayen littattafan da muka karanta, amma sun hargitse."

Ta sa shi cikin rukuninsu na manhajar, ta nuna masa inda ake latsawa. Littafi ɗari uku da ɗoriya ya samu: wani babu shekara, wani an shigar da shi sau huɗu. Ya gyara tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na Faransanci ne suka gagare shi. A ƙarƙashin wani littafi ya rubuta, "Wannan sunan mutum ne ko na gari?" Washegari amsa ta zo daga wani Sajo, ɗalibi a Garwa: "Gari ne, Baba. Can aka haifi innata." Daga nan hira ta ƙullu a gurbin da aka tanada don bayanin littafi. Sajo ya ba shi labarin cikar kogin Binuwai, shi kuma ya ba shi na cutar da ta cinye masa citta. Bai taɓa jin muryar Sajo ba.

Cikin wata bakwai aka gama. Shamsiyya ta kawo masa takardar da suka rubuta, ga sunansa a wajen godiya.

"Sajo fa?"

"Ya samu aiki a Yawunde, Baba. Kowa ya kama gabansa."

Ta ba shi lambar Sajo. Sau biyu ya kira, muryar na'ura ta yi masa Faransanci, layin ya katse.

Har yau yakan buɗe rukunin, ko da yake babu mai shiga. Makon jiya ya ga wani waƙafi inda bai dace ba. Ya cire shi, ya rubuta a ƙasa cewa ya gyara.