Rani Uku Ina Koyon Sa Hannu

Shekara talatin ina riƙe da Hedimasta Garba a raina. Ranar wani rabon taki, a gaban mutanen Getso, ya ce min, "Ɗanlami, kawo yatsa, biro ba naka ba ne." Aka kwashe da dariya.

Ban taɓa shiga aji ba, amma na rantse sai na rama. Rani uku ina zana sunana a ƙasa da tsinke, irin haɗaɗɗen rubutun da ya yi min a takardar takin, wanda ba a ɗaga biro. Haruffan ban san su ba, zanen na haddace.

Jiya a Gwarzo wajen rajistar manoma, sai ga Hedimasta a bayana a layi. Na zaro birona a hankali don ya gani.

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, ɗora yatsa a na'urar nan."

"'Yar nan, na iya sa hannu."

"Babu takardar sa hannu yanzu, Baba."

Na dangwala. Hedimasta ma ya dangwala, ya ce, "Ɗanlami, yau ajinmu ɗaya."

'Yata ke buga min wannan tana dariya. Ku 'yan boko, wa ya soke sa hannu bai jira ni ba? Ya fito ya ba ni amsa.