Sallau da Keken da Ba Birki

Sallau mutumin Bana ne, amma a Gaya aka fi saninsa. Yana fara tatata zazzaɓi ya kama shi, da ya sake shi kuma sai ya bar masa ƙafafu sirara kamar karan dawa, sauran jikin ya ci gaba da girma abinsa. Gidansu manoma ne da masu dafa gishiri a fadama, aikin da duk na tsaye ne. Da ya tasa, ubansa ya ɗora shi bisa jaki ya kai shi Gaya wurin kawunsa Hamani, mai fito da mutane a kogin Kwara.

Hamani ya dubi ƙafafun, ya dubi kafaɗun, ya miƙa masa filafili ya ce, "Shiga. Cikin jirgi kowa zaune yake."

Nan Sallau ya samu duniyarsa. Shekara da shekaru yana tuƙi tsakanin Gaya da Malanbil ta ƙetaren kogi, ya kai gishiri da albasa, ya dawo da manja da garin rogo, har ƙirjinsa ya yi faɗin ƙofar zaure. Yakan rufe ƙafafunsa da buhu, baƙo ba ya gane komai. Wani Alhaji daga Kamba ya taɓa daka masa tsawa wai ya tashi ya sauke masa kaya, ba ya jin kunya babba na tsaye shi yana zaune. Sallau ya yaye buhun ya ce, "Alhaji, in ka iya tsayar da ni, gobe Gaya duka za ta cika ƙofar gidanka neman tubarraki." Alhajin ya sauke kayansa da kansa, yana ta ba da haƙuri.

A bakin mafitar akwai Ajuma mai suyar kifi, mace mai baki kamar reza. Damina guda Sallau ya yi yana zance da ita daga cikin jirgi, bai taɓa fitowa tudu a gabanta ba. Da maganar aure ta taso, ya tattara ƙarfin hali ya janye buhun ya ce, "Ajuma, akwai abin da nake ɓoye miki."

Ta leƙa ta gani. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Haba Mai jirgi! Kullum da azahar ina kallonka kana jan jiki zuwa salla bayan tsamiya. Ni da na ga kana ta riƙon buhu, na zaci kifin wata kake saye kana ɓoye mini."

Aka ɗaura aure bayan girbi.

Ana nan sai Anasara suka fara gina gada a kan Kwara. Masu jirage suka yi ta dariya, suna cewa ruwan bana zai tafi da ita. Ruwa ya zo ya wuce, gada tana nan. Da aka buɗe ta, kamiyo, babbar motar kaya, ya riƙa ƙetarawa da abin da jirage da yawa ke wuni suna ɗauka. Masu fito suka watse, wasu gona, wasu dako. Sallau ba ya iya ko ɗaya. Ya dawo tudu yana tafiya da hannuwa, idonsa daidai gwiwar mutane. Ranar da wani baƙo ya jefa masa sadaka a cinya, ya koma gida ya kwanta, ya daina fita.

Ajuma ta ƙyale shi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Maigida, tabarmar nan ta fara ramewa. Ka fita ko don ta huta."

Ya fita ya tafi maƙerar abokinsa Dodo, wanda bayan ƙira yake gyaran kekunan ƴan kasuwa. Ya tarar Dodo ya kifa wani keke yana juya fedar da hannu, ƙafar baya tana ta gudu a iska. Sallau ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Dodo, ashe keke bai san ko da hannu ake juya shi ko da ƙafa ba?"

Dodo ya tsaya da juyin. Suka dubi juna.

Rani guda suka yi suna fama. Suka tattara gawarwakin kekuna, suka haɗa ƙafafu uku, suka ɗago fedar zuwa daidai ƙirji, mazauni kuma aka yanko shi daga tsohon jirgin Hamani. Keken farko hagu kawai yake zuwa. Sallau ya yi ta kewaya maƙera har jiri ya kama shi, awakin unguwa suna kallo. Na biyu ya rabu gida biyu yana kai. Na uku ya tafi miƙe.

Sallau ya ƙi gwada shi a lungu. Ya sa farar riga ranar kasuwa, ya hau, ya ratsa ta tsakiyar mutane kansa daidai da na kowa. Mata na guɗa, mahauta sun bar nama sun fito. Daɗi ya ɗebe shi, ya karya kan keken ya bi gangaren da ke sauka bakin ruwa. Sai da abin ya fara gudu da kansa, fedar na juyawa tana bugun hannuwansa, sannan ya tuna akwai wani abu da masu keke ke matsawa in suna son tsayawa. Can baya Dodo ma ya tuna, ya ɗora hannu a ka ya ce, "Birki!"

Sallau yana ta ihun a ba shi hanya, da Hausa, da Dendanci, har da ɗan Yarbancin da ya tsinta a jirgi. Kaji suka tashi sama, mai tukwane ya rungume babbar randarsa ya bar sauran ga Allah. A ƙasan gangaren kuwa ga Hamidu gardi, ɗan sandan Anasara, ƙato mai jar hula, wanda tun da aka kawo shi Gaya ba a taɓa ƙin bin umarninsa ba. Ya tsaya tsakiyar hanya, ya ɗaga hannu, ya busa usur. Keken ya kwashe shi kamar buhun gero ya aza shi bisa cinyar Sallau.

"Tsaya! Na ce ka tsaya!"

"Ranka ya daɗe, ni ma tun daga kasuwa nake roƙonsa!"

Suka wuce gaban kaskon Ajuma, suka faɗa Kwara, tsulum.

Hamidu mutumin arewa ne, ruwan da ya sani na rijiya ne. Ya nutse, ya taso, ya sake nutsewa. Sallau ya cafko wuyan rigarsa da hannu ɗaya, ya yi iyo da ɗayan, ya kawo shi gaɓa kamar an kamo giwan ruwa. Jar hular ta bi ruwa ta nufi ƙasar da Ingilishi ke mulki.

Da Hamidu ya gama amayar da ruwa, ya rantse sai ya kai Sallau gaban kumandan, Baturen mulki. Ajuma ta miƙa masa busasshen zane da kifi mai zafi ta ce, "Gaskiyarka, ranka ya daɗe. Mu duka za mu zo shaida. Za mu faɗi yadda aka goyo ka a cinya tun daga can." Hamidu ya dubi taron da ke ta danne dariya, ya ci kifinsa, bai sake ta da maganar ba.

Tsofaffin masu jirage suka tsamo keken. Dodo ya yi masa birki da sanda da guntun tayar kamiyo, aka ƙara akwati a baya. Sallau ya koma ƙetare Kwara, wannan karon ta bisa gada, yana ɗaukar kayan mata ƴan kasuwa, kayan da suka fi ƙarfin kai amma ba su kai na kamiyo ba. Labari ya bazu. Aka riƙa kawo masu lalurar ƙafa daga Bengu da ƙauyukan fadama, shi da Dodo suna ƙera musu, shi kuma yana koya musu tuƙi a filin bayan maƙera.

Shekarar da aka sauke tutar Faransa, wata mace mai suna Balki ta zo daga Karakara bisa jaki ta ce ita ma a yi mata. Dodo ya ce bai taɓa ganin mace a keke ba. Sallau ya ce ai kafin bara waccan ma Dodo bai taɓa ganin gurgu a kai ba, a ƙera kawai. Balki ta koya cikin ƴan kwanaki, ba ta da nauyi, ba ta kuma tsayawa hira a hanya, sai ga shi ta kwashe masa rabin masu ba shi kaya. Sallau ya yi ta ƙorafi a maƙera, yana yi yana murmushi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ranar da ya hangi kwandon kifin Ajuma a bayan keken Balki. Da ya tambaye ta dalili, ta ce ita tana son kifinta ya isa Malanbil da sauran ɗuminsa.