Ƙwaryar Kaka da Ƙadangaren Maƙera

Kakata Iya Talatu ba ta iya ba da tatsuniya hannu sake ba. A gidanmu na Lafiya, da an sauke tuwo sai ta jawo kujera gefen murhu da ƙwarya a cinya. Takan cika zanen da ta sassaƙa da ruwan ƙaro, ta barbaɗa garin tagullar da take sharowa a maƙera, ta murje da babban yatsa har ya yi ƙyalli.

"Ga ta nan, ku riƙe ta kar ta zille," in ji ta.

Wai ƙadangare ne ya faɗa cikin garin tagulla, ya fito yana walƙiya. Dabbobi suka ɗauka basarake ne, suka yi masa shimfiɗa. Sai hadari ya haɗo.

Nan ne take ruɗa mu. Yau ta ce ruwa ya wanke shi ya sha kunya. Gobe ta ce ya ruga maƙera ya sake birgima, ya mutu da girmansa.

"Iya, to laifi ya yi ko dabara?" nakan tambaye ta.

"Kin ishe ni, sarkin tambaya! Miƙo min ƙaron can."

Haushi abin yake ba ni ƙwarai, ni da nake son komai a fili.

Yanzu sana'ar ta dawo hannuna, sai dai hodar gwal ta kanti nake shafa wa tire da firam na kayan biki. Ƙwarya ɗaya tak ta rage cikin aikin Iya, ta yi baƙi, tagullar ta koma kore. Bara ƙanwata Hadiza ta kawo min ita.

"Yaya, ki sabunta ta mana. So nake a jera ta a bikin 'yata, amma a haka wa zai kalla?"

Na shafe gefe ɗaya da sabon ƙaro da hodar gwal. Ya yi kyau, wallahi, ya fi na da haske. Da na juya ɗaya gefen sai na ga sawun yatsan Iya a busasshen ƙaro, zanen fatarta tsaf. Irinsu nawa na binne a wancan ɓangaren? Sai na ajiye hodar.

Har yau ban san ko ƙadangaren nan wawa ne ko mai wayo ba, ban kuma san ko gyara na yi ko ɓarna ba.

Hadiza ta zo ɗauka, ta juya ƙwaryar sau biyu.

"Yaya, ba ki gama ba?"

"Na gama," na ce. "Haka za ta je."