Kai Amarya a Kwale-kwale, Janareto na Ƙarƙashin Tampol

Babura

Mun tashi daga Babura da idar da sallar asuba, taurari ba su gama dushewa ba. Amarya muka ɗauko, Rukayya, 'yar yayan babana, wadda muka taso tare har ta zama malamar firamare. Da dare aka saba kai amarya, amma ƙauyen mijinta yana can ƙasar Gwiwa, kuma ruwan ƙarshen damina ya cika fadama ya shanye hanyar shiga garin. Sai da kwale-kwale, shi kuwa ba ya tafiyar dare. Shi ya sa muka yi sammako kamar masu zuwa cin kasuwa.

Ƙaramar bas ce cike da mata. Goggo Asabe, ƙanwar babanmu, ita aka damƙa wa amanar amarya, ta zauna a damanta, ni a hagunta. Rukayya na cikin lulluɓi har ƙasa. Tunda amarya ba ta magana a hanya, sai muka koma hira da hannu: in na matsa yatsunta, ta matsa nawa. Ni dai hankalina yana kan ruwa. Ban taɓa shiga kwale-kwale ba, ina ta tunanin yadda mutum zai ji in babu ƙasa a ƙarƙashinsa.

Kusa da Achilafiya muka tarar da shingen jami'an tsaro. Wani jami'i ya leƙo ya ce, "Direba, me aka ɗauko?"

"Amarya ce, yallaɓai."

"Da safiyar nan? Angon nan ba shi da haƙuri!"

Motar ta kwashe da dariya. Goggo ta miƙa masa dubulan, ya yi mana addu'a, muka wuce.

Kazaure

Rana ta fara ɗagowa lokacin da duwatsun Kazaure suka bayyana, hazon ruwa ya rufe kawunansu kamar su ma amare ne. A tasha muka sha koko da ƙosai mai zafi. Nan Sale, babban abokin ango, ya iso a keke napep da ƙatuwar lasifika da ɗan jan janareto.

Na ce, "Malam Sale, amarya muka kawo ko gidan rediyo za a buɗe?"

Ya ce, "Ke dai ƙawar amarya, ki bari. So nake tun muna tsakiyar ruwa garin ya san mun iso. Janareton ma arowa na yi, mai shi ya ce in ɗigon ruwa ya taɓa shi, kada in sake gaishe shi."

Aka ɗaure kayan a saman mota muka kama hanyar Gwiwa. Gero ya yi kai, dawa ta fi mutum tsawo, ga shanun Fulani suna ratsa titi ba su damu da hon ɗin direba ba.

Bakin ruwa

Wajen hantsi kwalta ta ƙare, jar hanya ma ta ƙare, sai ruwa shimfiɗe, kawunan itatuwa sun leƙo daga cikinsa. Na tsaya ina kallo har Goggo ta ce in rufe bakina kada ƙuda ya shiga.

Mai kwale-kwalen dattijo ne, Baba Ɗanladi. Dangin ango sun sa an kafa rumfa a tsakiyar jirgin da sanduna da shuɗin tampol, an sako shi ta kowane gefe, don kada idon maza ya faɗa kan amarya. Mu mata muka duƙa muka shige. Sale ya zauna a gaba da janareto a fili, Baba Ɗanladi yana can baya da doguwar gorarsa, rumfar ta shiga tsakaninsu. Aka tayar da janareton, kiɗa ya cika ruwan, jirgi ya yi lilo sau ɗaya ya tafi.

Ashe haka abin yake. Ba ka jin tafiya, sai dai ka ji kamar ana rarrashinka. Hasken cikin rumfar shuɗi ne, ya sa lallen hannun Rukayya ya zama kamar zane a kan kwano.

Ba mu yi nisa ba aka fara yayyafi. Na ji Sale yana cewa, "Goggo, don Allah ku ɗan matsa, injin mutane zai jiƙe." Ya turo janareton cikin bakin rumfar yana aiki, Goggo kuma ta ja tampol ta rufe ƙofar da kyau saboda feshi. Babu wanda ya ga laifin haka. Kayan aro ne, amarya kuma ba a barinta a ruwa.

Can sai na ji kaina yana sarawa. Na ce rashin barci ne. Wata cikin 'yan rakiya da ke ta guɗa ta yi shiru, ta jingina da sanda tana gyangyaɗi. Rukayya ce ta fi kowa kusa da injin, ga mayafi mai kauri a kan fuskarta, kanta ya sunkuya sosai.

Goggo ta dube ta da alfahari ta ce, "Kun ga 'yar gidan mutunci. Ko motsi ba ta yi."

Na matsa yatsunta. Ba ta matsa nawa ba. Na sake, hannun ya yi sanyi, ya yi laushi kamar ba mai shi.

"Rukayya?"

"Ke, amarya ba ta amsawa," in ji Goggo. "Sai an sayi baki."

"Goggo, ba kunya ba ce wannan."

Na ɗaga mayafin, abin da ba a yi sai a ɗakin miji. Idanunta a lumshe, gumi ya jiƙe goshinta. Da ƙyar ta ce, "Kaina... amai nake ji."

Goggo ta yi salati da ƙarfi, mata suka yunƙura za su miƙe, jirgin ya karkata har ruwa ya leƙo. Daga baya muka ji tsawar Baba Ɗanladi: "Kowa ya zauna! Me ya faru? Ina injin yake?"

"Yana ciki!"

"Ciki? Kashe shi! Ku yaye tampol ɗin nan!"

Sale ya kashe, kiɗan ya ɗauke. Goggo da hannunta ta fizge tampol ɗin da ita ta rufe. Iska da yayyafi suka faɗo mana a fuska, ban taɓa sanin iska tana da daɗi haka ba. Na kwantar da kan Rukayya a cinyata ina fifita ta da gefen gyalena, ina kiran sunanta, tana amsawa ƙasa-ƙasa. Haka muka isa gaɓa, ba kiɗa ba guɗa, fuskar amarya a buɗe tana kallon sama.

Ƙauyen ango

Masu tarbar amarya sun taru da kalangu, amma kai tsaye aka wuce da ita ɗan asibitin garin a kan babur, ango na bi da gudu babbar rigarsa a hannu. Malamar asibitin ta duba ta, ta duba mu duka, ta ce Rukayya ta zauna a wurinta har yamma kusa da taga, in ta fara amai ko ruɗewa sai a koma da ita Kazaure ba jira.

Na kasa haƙuri na tambaye ta, "Anti, ai ba mu ga wani hayaƙi mai yawa ba. Me ya kama mu?"

Ta ce, "Wanda ke kisan ba a ganinsa, ba shi da wari. Yana fitowa ta salansar injin, wato bututun hayaƙinsa, in wuri a rufe yake sai ya taru, ya shiga jini ya hana shi ɗaukar iska. Ciwon kai, jiri, sai barci. Mutum yana zaton gajiya ce. Da hanyarku ta fi haka tsawo, da wani labarin ake yi."

Goggo tasbaha kawai take ja. Sale yana bakin ƙofa, ya kasa shigowa.

Bayan la'asar Rukayya ta tashi zaune ta ce yunwa take ji, ta shanye kofin fura da nono. Aka mayar mata da lulluɓinta aka kai ta ɗakinta kafin magariba. Mu kuma aka sauke mu gidan yayar ango, muka ci tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, muka kwanta da wuri.

Komowa

Washegari bayan buɗar kai muka koma bakin ruwa. Babu rumfa wannan karon. Sale ya ce ba zai tayar da injin ba har abada, Baba Ɗanladi ya ce, "A'a, ba injin ne da laifi ba. Kawo shi nan." Ni kuwa na matso, don ina son ganin yadda ya kamata a yi.

Ya duba inda iska ke kaɗawa, ya ajiye janareton a ƙarshen jirgin da iskar za ta kwashe hayaƙin ta yi gaba da shi, bakin salansar yana kallon ruwa. Ya ɗora shi a kan katako don ruwan da ke taruwa a gindin jirgi kada ya taɓa shi, ya ɗaure da igiya. Jarkar fetur ya kai ɗaya ƙarshen. Wayar wutar da ke zuwa lasifika kuwa ya sa aka rataye ta a wata sanda don kada ta jiƙe.

Na ce, "Baba, in mai ya ƙare a tsakiya fa?"

"Sai a yi tafiyar shiru. Ba a zuba mai yana da zafi, balle jirgi na rawa. In wuta ta tashi a nan, ina za ki gudu?"

"In ruwan sama ya sauko?"

"A kashe shi, sannan a rufe. Ba a rufe shi yana numfashi."

Sale ya kunna waƙa a hankali. Na sa yatsuna a cikin ruwan, ina kallon farar balbela a kan reshen da ya nutse rabi.

Muka biya ta Roni muka sauke wata innarmu, muka yi la'asar a Kazaure, muka iso Babura rana na shirin faɗuwa. Mahaifiyar Rukayya ta tarbe mu a zaure tana tambaya, "An kai ta lafiya? Ta dai yi kunya ko?"

Goggo ta zauna a kan tabarma ta ce, "Ta yi kunya, Yaya. Kunyar ce ta kusa raba mu da ita, ni kuma ina gefe ina yaba mata." Sannan ta ba da labarin tun daga farko, ba ta rage komai ba.

Mun gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, mun gode wa Baba Ɗanladi da malamar asibiti da mutanen garin da suka karɓe mu hannu biyu. Ku kuma da za ku raka amarya, a mota ne ko a ruwa, ku riƙa kiran sunanta a hanya, kuma kada ku yarda sai ta amsa.