Ruwan da Na Ƙi Sha a Gonar Surukina

A wajenmu namiji ba ya ci, ba ya sha a gaban surukinsa. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, tasowa na yi na tarar ana yi, kamar cire takalmi kafin a gaida tsoho. Ni kuwa na riƙe abin da hannu bibbiyu, domin malamin lakol ne ni, wato makarantar boko, a Agiye, kuma na san abin da ake faɗi a ƙauyen matata, can wajen Gidan Sori: wai an ba ɗan boko ɗiya, mutumin da alli kaɗai ya iya riƙewa.

Shekarar da na yi aure, ana yin hutun lakol na tafi taya surukina noman gero, kamar yadda kowane ango yake yi. Ruwa ya sauka, an yi shuka, sai ya ɗauke cak. Zafin da ya biyo baya ba na damina ba ne, bazara ce ta dawo ta zauna. Tsofaffin garin suna cewa a ƙuruciyarsu ba su san rana irin wannan ba bayan shuka, amma yanzu kusan kowace shekara sai ta zo. Duk da haka ciyawa ba ta jira, dole a yi noma.

A da, in aka kawo fura gona, ango yakan ɗauki ƙwaryarsa ya zagaya bayan wani kurmi ya sha abinsa. To, gonar surukina ba kurmi. Geron bai wuce idon sawu ba, itacen da ke ciki kuwa gawo ne, shi kuma da damina yake zubar da ganye. Duk inda na tsaya, tsohon yana ganina.

Da hantsi aka kawo fura da tulun ruwa. Ya dube ni ya ce, "Malam, taho ka sha. Wanga zahi ba na wasa ba ne."

Na durƙusa na ce, "Na ƙoshi, Baba."

Ƙarya nake yi. Harshena ya bushe kamar tsohon takalmi. Amma na koma na kama hauya, har ina ƙara sauri don a ga ɗan boko ma namiji ne. Abu na ƙarshe da na tuna shi ne gumi ya daina fito mini, na kuwa ji daɗi, wai jikina ya saba.

A kan amalanke na farfaɗo, jaki yana ja. An tuɓe mini riga, an jiƙa ni sharkaf, kaina yana kan cinyar surukina, yana ɗura mini ruwa da ludayi. Na yi amai a kan rigarsa. Muka ratsa tsakiyar gari a haka, mata suna leƙowa ta kan darni. Na rufe ido na yi kamar ban farfaɗo ba, don kunya ta fi ciwon yi mini zafi.

A gidan likita aka sa mini ƙarin ruwa. Majo, babban mai jinyar wurin, ya ga fitsarina ja kamar shayi, ya ce zafi da ƙishirwa sun taɓa mini ƙoda. Ya ce manoma masu irin ciwona suna ta ƙaruwa wajensa, kuma in ina son ƙodar ta kai ni tsufa, kada in sake jira sai na ji ƙishirwa. A gaban surukina ya faɗi haka, tsohon yana tsaye riƙe da hulata.

Na warke, sai dai har yau in zafi ya tsananta nakan ji wani nauyi a kwiɓina. Da damina ta zagayo matata ta ce in haƙura da zuwa. Na ƙi. In ban je ba, ai an tabbatar da maganar alli ke nan.

Ranar da na koma gonar ta kasance kamar ta bara. Ana sauke fura, surukina ya miƙe ya ce, "Bari in tahi in duba jakin nan." Ya tafi, na sha na ƙoshi, ya dawo. Anjima aka matso da tulu, ya sake cewa zai duba jaki. Raina ya yi fari, na ce Allah ya rufa mini asiri.

Sai da rana ta take, ya sake tafiya, na ɗaga kai daga ƙwarya na hango shi. Jakin yana gabas, ɗaure a gindin gawo. Tsohon yana yamma, can ƙarshen gona, tsaye a tsakiyar rana, ya ba ni baya. Ya dogara da hauyarsa. Ashe jira yake in gama, kuma shi bai sha ko kurɓi ba, ya bar mini tulun.

Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, har ta amalanke ba ta kai ta ba. Na ɗauki tulun na bi shi da gudu-gudu, na durƙusa na miƙa masa. Ya sha, ya maido mini, ya fara juyawa zai ba ni baya.

Na ce, "Baba, ka tsaya."

Na kafa kai na sha a gabansa, ruwa yana zubo mini ta haɓa, ina jin ƙarar maƙogwarona kamar duk gari na ji. Shi kuma ya zuba wa ƙasa ido, don abin ya yi masa nauyi kamar yadda ya yi mini. Da na sauke tulun, bai ɗago ba, ya ce a hankali, "Ƙara, yaro."

Na ƙara.