Allurar da Na Yi wa Guntuwa

A lokacin da wannan abu ya faru shekarata biyu da yin ritaya daga aikin ungozoma, bayan na shafe shekara talatin da ɗoriya a ɗakin haihuwa. A unguwarmu ta Yelwa nan Jalingo ba mai kirana da sunana, Mama Nas kawai ake cewa, Musulmi da Kirista. Mace ta ji motsin ciki ya ragu, ni za a ƙwanƙwasa wa ƙofa. Yaro ya yi zazzaɓi, ni. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan, kuma ya sa mini girman kai. Ina da baki, ba na ɗaukar raini, ɗaliban da suka koyi aiki a hannuna har yanzu in sun gan ni a kasuwa sai sun gyara tsayuwa. Na san wasu masu karanta wannan shafi za su yi dariya in suka ga a kan karya, macen kare, tsohuwa take zubar da hawaye a takarda. Su yi, ban hana su ba. Ni na san abin da ke cina.

Maigidana tsohon malamin makaranta ne. Shekarar da na bar aiki hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Mutumin da ya saba tsayawa gaban aji yana magana tun safe har azahar, sai ya koma kalma ɗaya ma sai ya yi kokawa da ita. Ya daina son ganin mutane. Likita ya ce ya riƙa tattaki kullum, na yi lallashi, na yi faɗa, na kira fasto, duk a banza. Kujerarsa a baranda, nan zai wuni yana kallon bango. 'Yarmu da ke aiki a Yola ce ta zo hutu da wata 'yar kwikwiya a kwali, ja, mai gajerun ƙafafu, ta ajiye a cinyarsa. Na yi ta mita cewa an ƙaro mini aiki. Amma ranar na ji ya yi dariya, abin da na manta yadda sautinsa yake, kuma da bakinsa ya raɗa mata suna Guntuwa. Ba a yi wata biyu ba ya fara fita da sanda yana bin ta, farko zuwa bakin geti, daga baya har kwanar mai shayi su dawo. Abin da ni da allurata da faɗana muka kasa, wannan 'yar abu ta yi shi.

Tana wata bakwai na fara ganin ɗigon jini a simintin baranda. Ni da na yi rayuwata a kan sha'anin mata, wallahi ban kawo komai a raina ba, na ɗauka ƙusa ce ta yanke ta. A idona jaririya ce, takalmina ma ba ta daina tauna ba. Karnukan unguwa suka fara zarya a bakin geti, ina korarsu da tsintsiya ina zagi. Katangarmu ta baya kuwa ruwan damina ya cinye wani gefe, kullum ina cewa gobe za a gyara. Maƙwabcinmu yana da wani ƙaton kare irin na Turawa ɗin nan, tsayinsa ya kai ƙuguna. Wata Asabar da safe na dawo daga taron zumuntar mata na tarar da karen tare da Guntuwa a tsakar gidana, aikin gama ya riga ya gama. Na kwara musu ruwa, na je na wanke maƙwabcin tas, kamar shi ya hana ni gyara katangata. Da na gaya wa 'yata a waya ta roƙe ni in kai ta asibitin dabbobi a satin, ta ce tun da wuri akwai abin da za su iya yi. Na ce mata ta bar ni da shirme, sau ɗaya ne, kuma karyar ba ta isa ɗaukar ciki ba.

Ta ɗauka. Bayan wata guda nonuwanta suka fito, cikin ya fara turowa a jikin da bai gama girma ba. Daidai lokacin ne ranar rigakafin haukan kare ta zo, dole na kai ta. Likitan dabbobin saurayi ne, bai kai ɗana na biyu ba. Ya taɓa cikin, ya tambaye ni girman uban, da na kwatanta masa sai na ga fuskarsa ta canza. Cikin ladabi ya yi mini bayani, yana ta cewa Mama. Ya ce ƙugunta bai buɗe ba, 'ya'yan kuma za su ɗauko girman ubansu. Ya ba ni zaɓi biyu: ko a yi mata aiki yanzu a cire mahaifar gaba ɗaya ta huta, ko kuma in ba na son haka, in riƙa kawo ta yana dubawa, a ɗauki hoton cikin gab da haihuwa, da zarar ta fara naƙuda kuma kada in jira komai, in kawo ta a fiɗo 'ya'yan. Na farkon na ce Allah ya kiyaye, ban taɓa sa hannu a zubar da ciki ba, ba zan fara a kan dabba ba. Wannan har yau ban ga laifina a kai ba, tunda ya ba ni wata hanyar. Laifina yana ga ta biyun. Na dube shi sama da ƙasa na tambaye shi ko ya san haihuwa nawa na karɓa tun kafin a haife shi. Na ce karnukan ƙauyenmu a gindin rumbu suke haihuwa ba wanda ya taɓa ɗaukarsu hoto. Bai yi musu ba, ya rubuta lambarsa a takarda ya miƙo mini, na jefa a jaka ban sake waiwayarsa ba.

Kada a ce ban kula da ita ba, na kula. Ina dafa mata ƙwai, ina sayo mata kan kifi a babbar kasuwa, na shimfiɗa mata tsohon bargo a lungun baranda. Amma ina gani da idona tana ramewa, cikin ne kawai ke girma, haƙarƙarinta duk a waje. Tattakin safe ya koma rabi, sai ta tsaya tana haki, maigida ya tsaya yana jiranta, su biyu kamar tsofaffin da suka dawo daga gona. Sau biyu yana nuna cikin da sanda yana ce mini likita. Sau biyun ina ce masa likita na gidansa, me kuma yake nema.

Ranar wata Talata ta ƙi cin abinci, ta yi ta tonon bargo, daga baya ta bar shi ta je ta kwanta ƙarƙashin kujerar maigida. Wajen ƙarfe tara na safe ta fara nishi. Na kawo ruwan ɗumi da tsumma da almakashi na zauna kamar yadda na saba, har da 'yar waƙata. Goma ta yi, sha ɗaya ta yi, tana yunƙuri ba abin da ya fito. Can wani ruwa baƙi-baƙi mai kore ya zubo. Na sa safar hannu na duba da ɗan yatsa, na ji kan ɗan a toshe a hanya, ƙato, ba inda zai bi. Edita, a nan nake so a fahimce ni da kyau, don nan ne abin da ke hana ni sukuni. Ban jahilci abin da na taɓa ba. Da mace ce a kan gadon asibiti, a minti ɗaya zan sa a tura ta ɗakin tiyata, kuma duk ɗalibar da ta ambaci allurar ƙarin naƙuda a irin wannan hali sai ta yi kuka a hannuna ranar. Sau nawa na tsaya ina faɗa musu cewa in hanya a toshe take, wannan allura mahaifa take fasawa? Amma sai na tuna fuskar yaron likitan nan, na hango kaina na shiga wurinsa da karya a hannu yana kallona, wato ga Mama Nas ta kasa. Sai zuciyata ta ce ai dabba ce, ƙarfin turawa ne ya gaza mata, a ɗan taimaka mata kaɗan.

Na yafa gyale na je wani kemis da suka san ni na sayo allurar, ba su tambaye ni takarda ba, wa zai tambayi Mama Nas? Da na dawo na tarar maigida ya sunkuya iya yadda jikinsa ya bari, yana shafa kanta da hannunsa mai lafiya. Ya ga sirinji a hannuna. Ya buga sandarsa a ƙasa, ya buga, ya sake bugawa, bakinsa na rawa yana neman kalma, da ƙyar ya fitar da a'a. Na ce masa ya bar ni in yi aikina. A gabansa na tsira mata. Ba a jima ba ta yi wani irin kuka da ban taɓa jin dabba ta yi ba, jikinta ya sandare, ta yi ta yunƙuri ba hutu. Sai kuma ta yi shiru. Cikin da ke da tauri ya saki, dasashinta ya yi fari fat. Na san wannan shirun, na taɓa ganinsa a kan matan da aka kawo mana daga ƙauye bayan an gama wahalar da su a gida.

Na naɗe ta a bargo na fita titi kamar mahaukaciya, ko takalmi ban sa daidai ba. Mai keke napep na farko ya leƙa ya ga kare ya ja abinsa, na biyu ma haka. Na uku, wani dattijo, ya ga ina kuka ya ce in shigo. Da muka isa asibitin dabbobi, likitan nan ya karɓe ta ya shige ciki da gudu. Kafin ya rufe ƙofa ya juyo ya tambaye ni ko an ba ta wani abu, don ya san abin da zai tarar. Kunya ta sa na fara cewa a'a. Ya tsaya yana kallona, sai na faɗa masa gaskiya. Ya ce to Mama, ya shiga. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Wajen la'asar ya fito ya zauna kusa da ni a benci, ya ce mahaifar ta yage, jini ya cika cikin, 'ya'ya uku ne duk babu rai, ita ma ta tafi suna cikin ɗinki. Ya ce da na kawo ta da safe, yana da kyakkyawan zaton da ta tashi. Ni na matsa masa ya faɗa, ba don ya ci mini fuska ba ne.

Na dawo gida da bargo a naɗe. Maigida yana nan inda na bar shi, ko ruwa bai sha ba. Ya dubi hannuna, ya dubi fuskata. Hawaye ya riƙa bin gefen fuskarsa da ya shanye, ba ya ma iya sharewa. Muka binne ta a bayan gida. Washegari na miƙa masa sanda don tattaki ya kawar da kai, jibi ma haka. Cikin wata uku ƙafar da ta fara ɗaukarsa ta sake ƙagewa, yanzu ko bayi sai an riƙe shi. 'Yarmu ta ce za ta kawo wani kwikwiyon, ya girgiza kai. Na durƙusa gabansa na nemi gafara, ya ɗora mini hannu a ka ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe ɗin, don ba mutum ne mai riƙo ba. Amma yafiya ba ta mayar masa da ƙafarsa ba.

Abin da na koya mai ɗaci ne. Ba rashin sani ne ya kashe Guntuwa ba, sanin da ya hana ni sauraro ne. Na raina yaron likita don ƙuruciyarsa, na raina ran karya don dabba ce, na raina a'ar mijina don bakinsa ba ya iya gardama da nawa. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa shi da hannuna. Don haka ina roƙon duk mai kwikwiya mace a gida, kada ya ce ai yarinya ce. Tun tana wata shida ko bakwai za ta iya ɗaukar ciki, alhali jikinta bai isa haihuwa ba. In kun ga jini da zaryar karnuka, ku kulle ta, ku toshe duk wata kafa a katanga a ranar, ba gobe ba. In kuma abin ya riga ya faru, ku kai ta wurin likitan dabbobi a satin, ku ji zaɓin da zai ba ku, ku bi wanda kuka ɗauka har ƙarshe. In naƙuda ta yi tsawo ba abin da ya fito, ba zaman jira ba ne, kuma kada wani ya kuskura ya yi mata allurar mutane.

'Yan'uwana ma'aikatan asibiti, da ku nake musamman, ku da unguwa ke kira likita ko da ba ku ne ba. Ranar da wanda bai kai ku ba ya ce ku dakata, ku dakata. Ni ban dakata ba, kuma kullum da safe ni ke ɗaga mijina daga gado in zaunar da shi a kujera, ina jin nauyin abin da na yi a kafaɗata.