Tagogin Gajere

Sunansa na yanka Rilwanu, amma in ka shiga ƙauyensu a ƙasar Mallawa ka tambayi Rilwanu, sai a yi ta kallon-kallo. Ce Gajere kawai, yanzu a kai ka har ƙofar gida. Manomin hatsi ne, da rani kuma yana taɓa gadi, ya yi na lakwal, wato makarantar boko, ya yi na rumbun tsimi. Aibinsa ɗaya, bakinsa bai iya jin sallama ya ƙi cewa "Bismilla, shigo" ba. To wai wannan bawan Allah aka ɗauka gadin santiye, wurin da ake babban gini!

Shato ake ginawa, tankin ruwan nan mai dogayen ƙafafu. An kewaye wurin da kwanon rufi, an haƙa ramin da raƙumi zai shige har tozo, ga rodi tsaitsaye a ciki. Shef ɗin aikin ya ce ko kaza kada ta shiga. Mutanen gari kuwa sun taɓa ganin irin wannan shinge, da aka kwance shi ba komai a ciki sai tumfafiya. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Suka je meri, ofishin magajin gari, suka ce aikin gwamnati nasu ne, a bar su su gani. Aka ce sun yi gaskiya. Shef ya ce in wani ya faɗa ramin, wa zai amsa? Manya na can suna ja, Gajere na nan ƙofa yana shan baƙar magana.

Duk ya shanye, sai ranar da Hinda ta kawo masa fura. Matarsa ce, doguwa sambal, tun tana amarya take jan guga a rijiyar garin mai zurfin tsiya, har bayanta ya soma ciwo. Ta yi sallama. Gajere ya ce "Bismi…" ya haɗiye sauran.

"Hinda, ba a shiga."

"Malam, ni ce fa."

"Ko ke ce."

Ta dire ƙwaryar. "Ashe har da kai za a rufe mu," ta ce, ta juya.

Tun daga ranar sai a ajiye masa tuwo ba uffan. Wallahi abin ya ci masa rai. Zagin gari bai dame shi ba, amma a ce Hinda ta sa shi cikin masu ɓoye-ɓoye? Ina!

Ya sami shef ya rusuna. "Ranka ya daɗe, ƙafa ce ke faɗawa rami, ido ba ya faɗawa. A hana ƙafa, a bar ido mana." Shef ya yi dariya ya miƙa masa almakashin yanka kwano.

Gajere ya bi shingen yana fasa tagogi, kowace ya auna ta daidai idonsa. Idonsa shi fa! Ranar kasuwa sai ga gari kaf a sunkuye jikin kwano, dattawa, 'yan kabu-kabu, har wakilin meri da babbar rigarsa, kai ka ce surukai suka zo gaisarwa. Dogaye na leƙe suna tsokanarsa, "Gajere, ka rama!"

Hinda ce ta zo daga baya, da ƙwaryarta. Ta dafe ƙugu ta sunkuya da ƙyar. Nan Gajere ya tuna da bayanta, kunya ta rufe shi.

"Tsaya in fasa miki wata a sama."

Ta daɗe tana kallon ƙafafun shaton da suka fito daga rami, magina na ta zuba kankare.

"Bar ta, Malam," ta ce, idonta na ciki. "Na sunkuya wa rijiya tun ƙuruciya. Bari in sunkuya wa abin da zai raba ni da ita."

Ta miƙe a hankali, ta ba shi ƙwaryar hannu da hannu. "Sha kafin ta yi tsami."